Tauraron da Kusanci Ya Rufa wa Asiri

Ya kai hasken idona, sanyin ƙirjina, zumar da ƙudan da ke gadinta suka fi ta yawa. Ya kai hadarin farkon damina, mai yawan tsawa, mai rowar yayyafi. Ya kai inuwata, wadda kan tsere daidai lokacin da rana ta take tsaka. Ya kai mai muryar da ke sa zaure ya yi tsit, mai gwiwar da ke kaɗawa da zarar an buɗe taga. Gaisuwa gare ka daga ɗan akurkin da ke bayan zauren taurari, inda na shekara tara ina murɗa maɓallai domin kai ka sha tafi. Da na ce ina fata kana lafiya, to amma na san lafiyarka lau, domin jiya na ga irin saurin da ka yi ka sauya matakala da ka hango ni.

Na ɗauki biro ne saboda mako uku ke nan rabon da ka tsaya inda zan yi maka magana. Aiki ɗaya, rufi ɗaya, sau uku a rana ina jin numfashinka a lasifikar kunnena, amma da an buɗe ƙofa sai ka narke cikin baƙi kamar gishiri a ruwa. Takarda dai ba a kauce mata a matakala. Zan sa ta ƙarƙashin sandar haskenka, tunda ita kaɗai ce ba ka taɓa mantawa da ita ba. Ka karanta har ƙarshe, masoyina, domin ranar Asabar da sha biyun rana zan ba da amsar ko zan zauna a gidan nan ko zan bar shi, kuma bakinka ne zai rubuta amsar.

Bari in tuna maka yadda muke aiki, ko ɗaukaka ta sa ka manta. Mutane su shigo da rana tsaka, su kishingiɗa a kujeru ɗari da ashirin, su ɗaga kai suna kallon farar ƙubbar da babu komai a jikinta sai fenti. Kai ka tsaya a tsakiya kusa da injin da ke haska taurari, ka gyara wuyan riga, ka yi gyaran murya irin ta manya. Ni kuwa ina can baya cikin rigar aiki mai maiƙo, da 'yar jar fitila a kan allon maɓallai. Ka ƙwanƙwasa makirfo sau biyu da farce, in dusashe rana, in jawo magariba, in zubo taurari dubbai a kan jama'a har wata tsohuwa ta yi salati. Sannan ka ɗaga sanda, ka ɗora koren ɗigonta a kansu ɗaya bayan ɗaya, kana kiran sunayensu kamar kai ka raɗa musu. A fito a yi ta Farfesa, Farfesa, kai kuma ba ka taɓa buɗe baki ka ce ba ka kai nan ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban taɓa ƙorafi ba, domin ina son gardin.

Kuma kullum a kan tauraro ɗaya kake juye zumarka duka: Siriyus, wanda ya fi kowane tauraro haske a sararin dare. Ka bi taurari ukun nan da suka jeru a ƙugun tarin taurarin da ake kira mafarauci, ka gangara da sanda, ka tsaya a kansa, ka yi shiru na daƙiƙa uku domin mata su ja numfashi. Na ƙirga, kullum uku ne. Ka tuna baiwar Allahn da ta rubuta a littafin baƙi cewa kai ne Siriyus ɗin wannan gida? Mako guda ka bar littafin a buɗe a wannan shafin, har sai da mai shara ta rufe shi don ta goge tebur. To ni yau na zo in sa hannu a ƙarƙashin nata. Gaskiya ta faɗa, Allah ya saka mata. Kai ne shi, tun daga hula har takalmi, sai dai ita ba ta san abin da ta faɗa ba, ni kuwa na sani.

Me ya sa ya fi kowa haske? Kai da bakinka kake faɗa, amma da sauri, kamar mai haɗiye magani: don yana kusa ne. Shekara takwas da wata bakwai haskensa ke yi a hanya, wanda a lissafin sama maƙwabtaka ce ta a miƙo wuta ta kan katanga. Ba na raina shi, ya ninka rana haske sau ashirin da biyar. Amma dubi farin tauraron da ke ƙafar mafarauci, wanda ka fi wucewa ta kansa a guje. Ya fi Siriyus nisa kusan sau ɗari, kuma duk da haka ana ganinsa sarai. Da za a jawo shi a tsayar inda naka yake, da mutum ya ga inuwarsa a ƙasa da dare, da kuma babu wanda zai sake tambayar ina Siriyus ya shiga. Kusanci ne ya rufa masa asiri, ya masoyina, kamar yadda ya rufa maka. Da a wani gari kake, da ban ma san an haife ka ba. Amma aka ajiye ka taku ashirin daga kujerata, shekara da shekaru, har idona ya daina ganin kowa. Wannan ba gwanintarka ba ce, tsarin ginin ne.

Kaicona, ina rubuta wannan ina jin haushin yadda hannuna ke laushi in na zo kan ranar nan. Ka tuna da ita? Shekara huɗu ke nan. An shirya kallon taurari a saman bene da magariba, muka ɗauki madubin hangen nesa mu biyu, kai ka riƙe kansa, ni ƙafafun, hawa huɗu, kana haki kana cewa ba nauyi. Ruwa ya sauka da la'asar, ba wanda ya zo. Muka zauna a kan akwatin madubin, siminti yana tashin ƙamshin jiƙa, ruwa yana ɗiga daga tankin da ke bayanmu. Sai gajimare ya yage ta yamma, ga Siriyus nan ƙasa-ƙasa yana gangarawa, yana walƙiya ja, kore, shuɗi, fari, kamar wanda ya rasa rigar da zai sa. Ka ce don ni yake wannan ado. Na ce maka iska ce, Farfesa, iskar duniyarmu ce ke karya hasken saboda yana ƙasa, shi fari ne fat, in yana can sama a natse yake. Ka yi dariyar da har yau in na tuna ta sai in rasa abin da nake nema a aljihu. Sannan ka sunkuya ka manna idonka a madubin, ka ce kana sona, ka ce ba ka da wata sai ni, ka ce in Allah ya yarda tare za mu tsufa. Na ji kamar an ɗauke benen daga ƙarƙashina. Sai bayan shekaru na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun a ranar: duk maganar nan, madubi ka yi wa. Ba ka ɗago ka dube ni ba sai da duhu ya gama rufawa.

Hasken da ya baro tauraron a wannan maraicen yanzu ya kusa rabin hanya. Shi ko hutawa bai yi ba, bai ce a yi haƙuri ba, bai ce lokaci bai yi ba, bai ce bari a gama gyaran ƙubba ba. Kai kuwa daga ƙofar zauren nan zuwa shagon mahaifina tafiyar minti ashirin ce a mota, kuma ina jin tsoron hasken zai riga ka isowa.

Yanzu bari mu zo kan wadda kake kira 'yar rakiya. Kai ka san Siriyus ba shi kaɗai ba ne, akwai wata 'yar tauraruwa a gefensa, irin waɗanda masana ke kira fararen wadanni, suna zagaya juna sau ɗaya a shekara hamsin. Haskensa ya danne ta, ido ba ya ganinta. Tsohon injinmu ma bai san da ita ba. Ni na yi ta. Na ɗauki ƙwan tocila da murfin gwangwani, na kai wa Baba shagonsa na gyaran agogo, ya sa gilashinsa a ido ya huda murfin da allurar da ta fi gashi siranta, na zo na kwana biyu ina saita ta har ɗigon ya zauna daidai. Tun daga ranar ta zama wurin da aka fi yi maka tafi. Ka sassauta murya, ka ce girmanta bai wuce duniyarmu ba amma nauyinta ya kai na rana, cokalin shayi ɗaya daga jikinta ya fi giwa nauyi. Ka ce a da ita ce babba, ita ce mai haske, ta ƙone man da ke cikinta da wuri ta tsuke. Ka ƙwanƙwasa sau biyu, in kunna, jama'a su ce ah. Kana faɗar wannan sau uku a rana, shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya kunya ba ta shaƙe ka ba. Lallai gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ga wurin da ya fi ba ni dariya. Yaya aka yi aka gano ta? Ba ganinta aka yi ba. Masu auna sama ne suka lura babban ba ya tafiya a miƙe, yana karkacewa, yana tangaɗi kamar wanda aka riƙe wa gefen riga, suka ce lallai akwai abin da ke jansa. Shekara goma sha takwas ana sane da ita kafin wani ya sa ta a ido. To kai da kake koyar da wannan, kana tsammanin mutanen gidan nan ba su da idanu? Ofishinka yana hagu, kicin yana hagu, bayi yana hagu, amma kullum sai ka karkato dama ka bi ta ƙofar akurkina kana tambayar ko an ga biro. Biro nawa mutum ɗaya zai ɓatar a shekara huɗu? Mai shara ta daɗe tana kirana amarya in ba kowa. Mai yankan tikiti ya ce da ni in gaya maka akwai kwalin biro a durowarsa, in dai da gaske biro ne. Shi kansa Darakta, wanda ka ce mu ɓoye masa don ba ya son irin wannan a wurin aiki, ya tsayar da ni bara ya tambaye ni wai sai yaushe, kada ya yi ritaya bai gani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, naka kuwa ko fuskar ba a buƙata, ƙafarka ta gama tona ka. Sirrin da kake gadi da ranka, kai kaɗai ka rage kana ɗaukarsa sirri.

Duk wannan da na ci gaba da haɗiyewa, domin so ya mai da ni jaka mai ɗaukar kaya ba tambaya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne waccan Asabar ɗin, mako uku da suka wuce. Kai ka ce in kawo Baba. Kai ka ce a wurin aikinka ka fi samun bakin magana. Baba bai taɓa rufe shagonsa da safe ba tun rasuwar mahaifiyata, amma ya rufe, ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya hau matakala arba'in da biyu da gwiwoyin da ka san halinsu, yana tsayawa kowace goma yana cewa kallon gini yake yi. Na zaunar da shi a layi na uku. Ranar kuwa ka yi bajinta, ban hana ka ba. Da aka kunna 'yar tauraruwar na ji tsohon ya yi ƙaramar dariya cikin duhu, ya gane hudarsa. Na ce a raina shi ke nan, yau Allah ya yi.

Aka fito fili, wurin haske. Baba ya kama hannunka da hannu biyu, ya riƙe, yana jira. Ka yi tsuru-tsuru kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, ka dubi silin, ka dubi takalmi, sannan ka buɗe bakin nan mai zuma ka ce: “Baba, 'yarka tana da ƙoƙari. Ita ce ke kunna mana fitilu.”

Ita ce ke kunna mana fitilu! Shekara huɗu, ya rabin raina, abin da aka tace aka samu ke nan? Sai ka zare hannunka wai ana jiranka a ɗauki hoto. Mutumin da ya san nisan kowane tauraro, ya kasa taka taku ɗaya. Mutumin da ke tsayar da numfashin mutum ɗari da ashirin, tsoho ɗaya mai gilashi ya tsayar da nasa. Ban yi kuka ba, kada ka yi wa kanka kirari. Na riƙe Baba muka sauka arba'in da biyun nan, kuma sauka ta fi hawa yi masa wuya. A mota, da muka kusa gida, ya ce, yana kallon taga: “Agogon hannunsa mai kyau ne. Sai dai yana ja da baya.” Daga nan bai sake tayar da maganar ba, kuma shirunsa ya fi mini zagi ciwo.

Kai kuma tun ranar ka ɓace. Na san Siriyus ma kan ɓace kusan wata biyu kowace shekara, amma shi yana da uzuri, rana ce ke tsayawa kusa da shi har ta shafe shi. Kai wace rana ce ta shafe ka? Kunya ce, kuma ba kunyar kirki ba. Na juya abin ta kowace fuska. Ko rigar aikina ce mai maiƙo ba ta dace da Farfesa ba? Ko hannuna da ke warin man inji? Da haka ne da na ji sauƙi, in tsane ka in huta. Amma na san ka, ba girman kai ba ne, tsabar tsoro ne. Kai jarumin duhu ne, in ba a ganin fuskarka babu abin da ba za ka iya faɗa ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin wa zai iya tsanar matsoraci mai kirki?

Ga ni nan dai, ina zaginka ina kewarka. Ina kewar yadda kake kawo shayi kofi biyu ka ce kuskure aka yi aka ba ka. Ina kewar ɗan numfashin da kake ja kafin ka ƙwanƙwasa makirfo, wanda ni kaɗai ke ji a duk duniya, har hannuna kan isa maɓalli kafin farcenka ya sauka. Wa zai san numfashina haka? Wa zan sani haka? Makon nan sau biyu na makara da fitowar wata, abin da ban taɓa yi ba, domin muryarka ta ɗauke mini hankali ina sauraronta kamar baƙuwa. Ina son ka, ya azabata, son da ba shi da dabara, ba shi da mutunci, ba ya jin magana. Da ana cire shi da sukudireba da tuni na kwance shi na jefa a kwandon shara.

To ga abin da ke ƙasa. Gidan nazarin taurari da ke kan dutse, can nesa, kwana biyu a mota, sun rubuto suna neman mai kula da injin madubinsu. Taurarin gaske, ba na fenti da ƙwan tocila ba. Sun ba ni zuwa Asabar da sha biyun rana. Na rubuta amsa biyu, i da a'a, suna nan cikin durowar allon maɓallai. Ba barazana nake yi maka ba, ban iya ba. Na gaji ne da zama abin da ake ganewa ta karkacewar wani.

Na roƙi Baba ya sake zuwa. Bai tambaye ni dalili ba, ya dube ni ta saman gilashi ya ce wace rana. Zai zauna a layi na uku a nunin ƙarfe goma. Kada ka ji tsoro, ba zan ɓata maka aiki ba, ban taɓa yi ba. Zan kawo maka magariba a kan kari, in zubo taurari, in kunna 'yar rakiyarka daidai lokacin da ka nema, ka sha tafinka cikakke. Jama'a za su fita, Baba ba zai tashi ba. Sannan zan tura babban makunni har ƙarshe, fitilun zaure duka, waɗanda ake kunnawa in za a yi shara, masu nuna kowane tabo a jikin ƙubba. Ba tauraro ko ɗaya, ba makirfo, ba madubin da za ka ɓuya a bayansa. Kai, da shi, da ni. Daga inda kake tsayawa zuwa kujerarsa taku bakwai ne, na auna. Ba na neman jawabi. Jimla ɗaya ta isa, ko da in'ina, ko da gumi, in dai da idonka a buɗe ka faɗe ta kana kallonsa.

Ba zan kulle ƙofa ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, ya sanyin idona, kuma ita kaɗai: in ka san fita za ka yi, ka bi jama'a ka fita tun da sauran duhu, kafin hannuna ya kai kan makunnin. Ni na iya kallon bayanka, na saba. Kada ka bari tsohon nan ya gan shi sau biyu.

Taka, in ka tako bakwai ɗin nan. Taka, abin haushi, ko ba ka tako ba, a nan ko a kan dutse, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mai kunna muku fitilu.